Baƙi takwas ranar Asabar, abincin Tailan: me zan dafa, me zan bari?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya gayyato abokan aikinsa huɗu da matansu cin abincin dare ranar Asabar, ya kuma riga ya yi musu alkawarin abincin Tailan, wai don ya ga ina yi mana koriyar miyar nan ta gaeng khiao wan a gida. Ga abin da na tsara: tom yum (romon jatan lande mai tsami da yaji) a fara da shi, sai pad thai (soyayyiyar taliyar shinkafa), sai koriyar miyar da shinkafa, da som tam (kwaɗon ɗanyar gwanda), a rufe da shinkafa mai danƙo da mangwaro. Gas ɗina mai kai biyu ne, kuma ni kaɗai ce a kicin. Ɗaya daga cikin matan ko ƙamshin barkono ba ta so. Bai yi yawa ba kuwa? Wanne zan fara fitarwa?

Anty Rabi:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Fara cire pad thai ɗin tukuna. Abinci ne da ake soya wa mutum ɗaya ko biyu a zurfafan kasko mai tsananin zafi, a juye a ci nan take. Kika zuba taliyar shinkafa ta mutum takwas a kasko guda, zafin zai sauka, ta saki ruwa ta cuɗe ta dunƙule. In kuma kika ce kashi-kashi za ki yi, to ke kina gaban wuta baƙi suna falo, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya sauka.

Batun wanne za a fara fitarwa kuwa, ai mutanen Tailan ba sa jera abinci ɗaya bayan ɗaya. Komai a tare ake kawowa tsakiyar teburi, kowa da farantin farar shinkafarsa, ya ɗebo cokali ɗaya ko biyu na wannan ya ci, ya koma kan wancan. Har romon ma tare ake shansa da sauran. Abin da za ki lura da shi shi ne kada ɗanɗanon ya zama iri ɗaya: a samu mai tsami, mai yaji, mai maiƙo, da wanda ba ruwansa da barkono.

Da ni ce, miyar korin da ake kira massaman zan yi maimakon koriyar. Asalinta daga Musulmi take, ba ta da yaji sosai, akwai kirfa da kanumfari a ciki, ga dankalin turawa da albasa da gyaɗa da ɗan ruwan tsamiya. Ki yi ta da naman sa tun ranar Juma'a, ki bar ta kan ƙaramar wuta kamar awa biyu har naman ya yi laushi, ta kwana a firji. Washegari ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Koriyar ba ta son kwana, launinta dusashewa yake, ganyen kuma ya yi baƙi. Wajen farawa, ki ɗebi mai kaurin saman madarar kwakwa ki tafasa har mai ya fito, a cikinsa za ki soya haɗin korin sai ƙamshi ya tashi, sannan ki zuba sauran madarar.

Malam Sadi:
Hajiya, shawarar Anty Rabi ta yi, amma ni ban yarda a bar teburin ba abin da ya fito daga kasko da zafinsa ba. Ki yanka kayan lambu tun da rana, ana sallama ki soya su da tafarnuwa, minti biyar sun isa. Ki riƙe tom yum ɗinki, kada wani ya ce ki mayar da shi tom kha saboda mai gudun yaji. Tom kha da madarar kwakwa ake yi, massaman haka, abin zaƙin ma haka, sai bakin mutane ya gundura. Ki dafa ruwan romon da lemongiras da galangal (saiwa mai kama da citta) da ganyen makrut (wani irin lemun tsami) tun da wuri. Jatan landen minti biyu kawai yake so, lemun tsamin kuma sai kin sauke tukunya za ki matsa, in ya tafasa ɗaci yake yi. Kuma galangal ba citta ba ce, kada ki musanya.

Barkonon ki rage shi a tukunya, ki yanka ƙanana a cikin nam pla (ruwan kifi mai gishiri) da ɗan lemun tsami ki ajiye a ƙaramin kwano, mai so ya ƙara. Haka suke yi a can.

Abin da ya fi wannan duka: yau ɗin nan maigida ya tambayi baƙin ko akwai wanda gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da ciwo. Yawancin haɗin korin da ake sayarwa a gwangwani ko roba akwai niƙaƙƙen jatan lande a ciki, ba kuma a gani da ido. Ki karanta jikin robar.

Ummu Zaid:
Ni kan shinkafa mai danƙon zan yi magana, don nan mutane ke faɗuwa. Ba a dafa ta cikin ruwa. Ki jiƙa ta tun daren Juma'a, ki tsane, ki turara a madambaci da ƙyalle mai tsabta minti 20 zuwa 25. Tana da zafinta za ki zuba madarar kwakwa mai ɗumi da sukari da gishiri, ki rufe rabin awa ta shanye. Gishirin nan kada ki ji tsoronsa, shi ke fito da zaƙin. Kada ta shiga firji, tauri take yi. Mangwaron kuma sai an kwashe kwanuka ki yanka.

Som tam ki goge ɗanyar gwandar ki bar ta a ruwan sanyi, amma kirɓawar a turmi sai saura minti goma a zauna, in ba haka ba ruwa take saki.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka da alheri. Na cire pad thai, massaman ta shiga, an kuma tambaya, ba mai matsalar gyaɗa ko jatan lande. Saura abu ɗaya: sai na nemo tsinkayen cin abincin nan?

Malam Sadi:
A'a Hajiya, cokali da cokali mai yatsu kawai. Cokali a dama, mai yatsun a hagu yana turo abinci cikin cokalin, ba ya zuwa baki. Tsinkaye na romon taliya ne, ke kuma ba ki da taliya a teburin. Ki dai sa babban cokali a kowane kwano, shinkafar kuma ki dafa fiye da yadda kike zato, don ruwan massaman shinkafa yake ja.