Neman shawara: ta yaya za mu tsare bayanan kamfaninmu a Garuwa?

Mai lissafi, Garuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙe da lissafin wani kamfanin hatsi da kayan gini a nan Garuwa, muna da reshe a Marwa da Kuseri. Duk bayananmu, daga bashin 'yan kasuwa har rasitan haraji, suna cikin kwamfuta guda a ofishin maigida, kan manhajar Sage. Duk yammacin Juma'a yaron ofis yakan kwafe su a faifan waje, ya jefa a aljihun teburin da kwamfutar take kai.

Watan jiya maƙwabcinmu mai sayar da kayan mota ya wayi gari an kulle masa fayiloli, ana neman kuɗin fansa. Faifan wajen da ya bari a soke jikin kwamfuta shi ma ya tafi. Tun daga ranar hankalin maigida bai kwanta ba. Wani daga Duwala ya kawo mana farashin Veeam, manhajar ajiye kwafin bayanai, wani kuma ya ce mu sayi kaset na ajiye bayanai. Kaset a wannan zamanin? Don Allah masana a taimaka.

Tsohon injiniya, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanda ya ce maka kaset ba wasa yake yi ba, amma bari in ɗan koma baya don ka gane dalilinsa.

Da kaset aka fara. Kamfanin IBM ya fito da na'urarsa ta kaset a 1952, kuma manyan manhajojin ajiya na shekarun 1990, irin su NetBackup da NetWorker da ADSM na IBM, duk a kansa aka gina su. Aikinsu shi ne su kwashe bayanai da dare, su riƙe jerin abin da ke cikin kowane kaset. A lokacinmu cikakken kwafi sau ɗaya ake yi a mako, sauran ranaku a ɗauki abin da ya canza kawai. Wahalar tana wurin maidowa: fayil guda kake nema, sai ka jera kaset biyar kana jira.

Da faifai ya yi araha sai aka koma kansa. Wani kamfani, Data Domain, ya yi suna da dabarar ajiye gutsuren bayani sau ɗaya ko da ya maimaitu a fayil dubu, har kamfanin EMC ya saye shi a 2009. Veeam ɗin da aka kawo muku an kafa shi a 2006, kuma da kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin wata babbar kwamfuta ya fara, shi ya sa kuɗinsa zai iya yi muku yawa. A shekarar ce ma Amazon ya buɗe ma'ajiyarsa ta intanet, kowa ya ce kaset ya mutu.

Sai masu garkuwa da bayanai suka zo. A Yunin 2017 harin NotPetya ya durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwa. Kwafin da ya tsira na kwamfutar da ke riƙe da sunaye da izinin ma'aikatansu a ofishinsu na Ghana aka same shi, don an ɗauke wuta a can kafin harin, ba ya haɗe da sauran. Kwafin da ba ya kan layi hannun ɓarawon intanet ba ya kaiwa gare shi. Shi ya sa kaset yake nan da ransa: kaset samfurin LTO na farko a 2000 gigabayit 100 yake ɗauka, LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18. Amma ku da kwamfuta guda, na'urarsa ta fi ƙarfin buƙatarku. Dabarar za ku ɗauka, ba kaset ɗin ba.

Hajiya mai kanti, Injamena:
Baba injiniya ya gama magana. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne aljihun teburin nan. Ruwa ko gobara ba su san wannan kwamfuta ce, wancan kwafi ne ba. Mun ga ambaliyar 2022 a nan Injamena, ku ma kun ga ta Yagwa a 2024. Ko a Faransa, da gobara ta tashi a cibiyar ajiye bayanai ta kamfanin OVH da ke Strasbourg a Maris 2021, akwai waɗanda suka rasa komai don kwafinsu yana wuri guda da asalin. Ka riƙe ƙa'idar 3-2-1, ɗana: kwafi uku, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kuna da reshe a Marwa, motarku kuma tana zuwa.

Ɗalibin kwamfuta, Marwa:
Ni a ganina Yaya ku tura komai intanet ku huta da ɗawainiyar faifai. Kuma Veeam yana da na kyauta ga ƙananan wurare, akwai manhajar Bacula ma, ita ma kyauta ce.

Tsohon injiniya, Ngaundere:
Na kyautan gaskiya ne, kuma zai ishe su. Intanet kaɗai kam ban yarda ba. Turawa da sauƙi, tunda kaɗan-kaɗan ake yi kullum. Ranar da kwamfuta ta mutu fa? Dole ka sauko da komai lokaci guda, da layinmu na arewa da wutar da ke zuwa tana tafiya, ga direbobi a bakin sito suna jiran rasit. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasashe nawa suka shiga duhun intanet. A sa shi na uku, ba na farko ba.

Akanta, Kuseri:
Abu biyu, abokin aiki. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashenmu, ta wajabta ajiye littattafai da takardun shaida shekara 10, don haka kwafin ƙarshen kowace shekara a ware shi, kada a rubuta wani a kansa. Na biyu, idan Sage ɗinku kan SQL Server, manhajar rumbun bayanai, take tafiya, kwafe fayil da hannu alhali manhajar tana buɗe yana iya ba ku abin da ba zai buɗu ba. Kun taɓa gwada maido da kwafin Juma'ar nan a wata kwamfuta?

Mai lissafi, Garuwa:
Na tambayi yaron, ya ce tun da aka fara ba a taɓa buƙata ba. Allah ya saka da alheri. To me zan faɗa wa maigida gobe?

Akanta, Kuseri:
Kafin a kashe ko sefa ɗaya, ku ɗauki faifan nan ku maido da shi a wata kwamfuta, ku duba ko bashin wani babban abokin cinikinku ya yi daidai da na littafi. Sannan ka tambayi Alhaji: idan abin ya faru, cinikin kwana nawa zai iya jure a sake shigarwa da hannu? In ya ce kwana ɗaya, to kwafin Juma'a bai wadatar ba, sai na kullum. Ku sayi faifai uku kuna juya su, a sa musu kalmar sirri, a zare da zarar an gama, ɗaya ya riƙa kwana a Marwa. Mutumin Duwala kuma in ya dawo, ku ce ya maido da bayanan a gabanku, kuna kallon agogo, kafin ku sa hannu.