Tambaya kan asalin kalmar "fari" a harsunan Erziya da Moksha

Ina neman taimakon masana tarihin harsuna game da wata sifa da ta ɗaure mini kai. A Erziya da Moksha, harsuna biyu 'yan uwan juna da ake magana da su a Jamhuriyar Mordobiya ta Rasha, abu fari shi ne "asho" a na farko, "aksha" a na biyu. Da ma sai a ce Erziya ce ta zubar da "k", amma a sunan ƙudan zuma lamarin ya juye, domin Erziya tana cewa "meksh", Moksha kuma "mesh".

To, shin wannan kalma ta "fari" gado ce daga dangin harsunan Ural, wanda Erziya da Moksha suke cikinsa, tunda mutanen Mari na Rasha, waɗanda harshensu ma ɗan wannan dangi ne, suna da "osh", ko kuwa aro ce daga maƙwabtansu Tatar, waɗanda suke cewa "ak"? Ni dai batun aron bai kwanta mini ba, saboda bai bayyana inda "sha" ta fito ba. Duk wanda yake da ƙamus ɗin Erziya da Moksha na masanin harsuna Heikki Paasonen kuma yake jin Jamusanci, don Allah ya duba mini yadda karin harshen kowane yanki yake furta ta.