Neman shawara: mu huɗu kodi ɗaya, yanzu rasit ya ɓace

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi hankuri da tsawon rubutu. Ina da ƙaramin ofishin kula da gidajen haya a Yamai. Gidajen suna Yantala, Koira Kano da Banifandu, masu su kuwa galibi suna Kwatano da Lome. Mahaifina ne ya fara aikin da littafi, bayan rasuwarsa aka yi ta ja-in-ja da yayyena kafin a bar mini, sannan na ci bashi na sayi manhajar lissafi. Mu huɗu ne: ni, yarinyar da ke kan kes (wurin karɓar kuɗi), ƙanen matata mai zagayawa karɓar haya a babur, da kontabul (mai lissafi) mai zuwa ranar Asabar. Duka da kodina muke shiga. Shekaranjiya wani Alhaji ya kira daga Kwatano, wai bai ga hayar wata guda ba. Mai hayar ya nuna mini rasit a hannunsa, amma a kwamfuta babu shi, an share. Na duba tarihin aiki, sunana kawai ke fitowa. Ko barci ban yi ba. Yaya zan taƙaita musu shiga ba tare da aiki ya tsaya ba?

Tsohon kontabul: Wa alaikumussalam. Ƙanena, wannan ba tambayar kwamfuta ba ce. Mai karɓar kuɗi kada ya iya gyarawa, mai gyarawa kada ya taɓa kuɗi. Kowa da sunansa da kodinsa. Mai babur ya ga jerin waɗanda ake bi bashi kawai. Yarinyar ta shigar da biya ta buga rasit, ban da sharewa, ban da canza kuɗin haya ko lambar asusun mai gida. Kontabul ya gyara, kai ka amince. Kuma a lissafi ba a sharewa, ana soke kuskure da wani rubutu da ya saɓa masa, duka biyun su zauna.

Hajiya ta Wadata: Malam, ka faɗi na littafi. Ni na yi haka, na tafi biki Tawa, mai haya ya zo karɓar kuɗin kosiyonsa, wato ajiyar da ya bayar ta jingina, zai tashi, yarana suka kasa komai. Har zagi na sha a waya. Tun daga nan na buɗe wa babbarsu komai.

Ɗan Adar: Nawa ne kuɗin ma? Ba ka hwaɗa ba. In jikka talatin ne ka cika daga aljihu. Mu nan wani ofishi munka biya wata ukku, sunka ce wai kwamfuta ta cinye. Har yau ba mu ga ko dala ba.

Mai tambaya: Kuɗin ba su ne damuwata ba. Kuma ban zargi kowa ba. Yaron nan a gidana yake kwana, in na yanke masa yau, gobe maganar tana wurin surukata. Kodi ɗaya kuma ba sakaci ba ne, wanda ya sayar mini da manhajar yana cajin kowane ƙarin mai shiga.

Tsohon kontabul: Ka biya. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke cikinta, a sashe na 22 ta ce lissafin kwamfuta dole ya zama wanda ba a komawa a canza bayan an tabbatar, kuma a kulle shi aƙalla duk wata 3. Takardu a ajiye shekara 10. Ranar da ma'aikatan haraji suka zo, za ka ce musu surukarka ce? Hajiya, maganinki wakili ɗaya mai iyakar kuɗin da zai iya fitarwa, ba buɗe komai ba.

Maman Biyu: Ku daina karɓar kuɗi a hannu mana. Kowa ya turo ta Nita ko Airtel Money, saƙon shi ne shaida.

Ɗan Adar: To wayar da saƙon ke shiga hannun wa take?

Maman Biyu: Ni abin da ya fi damuna, hoton katin shaidata da lambata suna cikin irin wannan kwamfutar, ashe duk mai babur yana gani. Ai don haka aka kafa HAPDP, hukumar kare bayanan mutane.

Tsohon kontabul: Gaskiyarki. Kai kuma ka canza kodinka yau, kafin magariba. Sannan ka gwada lambobin rasit da kuɗin da suka shiga banki, wata-wata, ka koma baya. Da wuya a ce ɗaya ne kaɗai.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma in na canza yau za su gane da su nake. Zan bari ƙarshen wata ya wuce tukuna. Akwai wanda ya san mai gyara da zai iya dawo da rasit ɗin ba tare da kontabul ɗina ya sani ba?

Hajiya ta Wadata: Au, kontabul ɗin ma bai sani ba?