Zaren tsoffin buhuna da waya ta taya a cikin kankare: yana ƙara ƙarfi?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum masu sana'a. Akwai daɓen wani sito a Mile 12 a Legas, kauri inci 4, mai wurin na so a zuba zaren tsoffin buhunan siminti a kankaren don rage kuɗin rodi. Hakan na yiwuwa? Nawa ake sawa? Ɓawon kwakwar Badagry fa, ko gorar ruwa da aka yanyanka?

Injiniya Ojota: Wa alaikumus salam. Ka fara gaya wa Alhajin mai wurin cewa zare ba ya maye gurbin rodi. A dakin (rufin kankare), ginshiƙi ko linta kada a rage ko sanda ɗaya. Amfanin zaren buhu shi ne hana ƙananan tsage-tsagen nan da ke fitowa a sa'o'in farko, lokacin da rana da iska ke busar da saman kankare kafin ya kama.

Ma'auni kuwa, gram 600 zuwa 900 ne a kowace mita kubik. A haɗin 1:2:4, wato buhu ɗaya na siminti (kwanon sarki biyu ke nan), kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kusan buhu shida ke shiga mita kubik, don haka gram 100 zuwa 150 ke nan a kan kowane buhu. A warware zaren, a wanke, a yanka santimita 2 zuwa 4. Buhun da ya daɗe a rana har yana marmashewa a hannu, a jefar da shi.

Birkila Idi-Araba: Injiniya ya gama magana a kan ma'auni, amma a wajen kwaɓi ake yin ɓarna. Idan aka watsa zaren gaba ɗaya bayan an zuba ruwa, sai ya dunƙule kamar gashi, kowane dunƙule kuma rami ne a cikin daɓen. A barbaɗa shi kaɗan-kaɗan a kan busasshen yashi da tsakuwa injin na juyawa, sannan siminti, sannan ruwa, a ƙara minti huɗu ko biyar na juyi. Da shebur a ƙasa da wuya ya rarrabu.

Haɗin zai yi tauri, leburori za su ce a ƙara ruwa. Kada ka yarda. Wajen lita 25 a kan buhu ya isa, idan yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Ruwan da aka ƙara ya fi cin ƙarfin kankaren fiye da abin da zaren ya kawo.

Malam Ajah: Gorar ruwa ban ba da shawara ba. Santsi gare ta, siminti ba ya kama ta, kuma irin robarta ba ta jure kaifin siminti kamar robar buhu. Zaren kwakwa yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya motse, ya bar gurbi. In dole ne a tafasa shi a wanke, don abin da ke fita daga jikinsa na jinkirta kamawar siminti.

Wanda ke ƙara wa daɓe juriya da gaske shi ne wayar ƙarfen cikin tsohuwar taya, kilo 20 zuwa 30 a mita kubik, in an raba ta da roba sosai. Sai dai ta saman za ta yi tsatsa, musamman wajejen Lekki da Ajah inda iska ke ɗauke da gishiri, kuma tana huda hannu, a sa safar hannu.

Injiniya Ojota: Ƙari, Ɗan Agege: a danne ƙasar sosai, a shimfiɗa leda, a yanka layi kowace mita 3, a yi ta ban ruwa kwana bakwai. Kafin babban aikin ku zuba kubik na gwaji, wato ƙananan tubalan kankare, wasu da zare wasu babu, ku kai ɗakin gwajin kayan gini na jihar Legas da ke Ojodu Berger a matse su a kwana 7 da 28. Da wannan takardar za ka je wa Alhaji.