Yarona na da ciwon suga nau'i na 1, me zan dafa masa?

Maman Khalifa: Salamu alaikum jama'a. An gano yarona mai shekara 14 yana da ciwon suga nau'i na 1, an ɗora shi a kan allurar insulin. Wata maƙwabciya ta ce irinsu ba sa kai talatin, tun daga nan na kasa barci. Ga shi da son ƙwallo. In hana shi ne? Kuma me zan dafa masa?

Kawu Sale: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Maganar maƙwabciyar nan ta zamanin da ce, kafin a gano insulin a Toronto a 1921. Yanzu cibiyar ciwon suga ta Joslin da ke Boston a Amurka har lambar yabo take ba waɗanda suka shekara 50 da ciwon. Ba zan ɓoye miki ba, binciken Scotland na 2015 ya nuna tsawon rayuwar masu wannan ciwo na raguwa da kusan shekara 11 ga maza, 13 ga mata. Amma kulawa tana sauya lissafin sosai. A wani babban bincike mai suna DCCT kan mutum 1,441 masu wannan ciwo da aka kammala a 1993, waɗanda suka tsare sugansu da kyau haɗarin lalacewar idonsu ya ragu da kashi 76 cikin ɗari.

Anti Rabi: Ƙanwata, kada ki ware masa tukunya, yaro zai ji an mai da shi bare. Tuwon gida zai ci, amma malmala iri ɗaya kullum, a kwano ɗaya, don allurar ta dace da abincin. Ki cika miyar kuka ko kuɓewa, ki yawaita wake, kwaɗon zogale, ƙwai da kifi. Abin da ke saurin tayar da suga shi ne na sha: kunu mai suga, fura, lemon kwalba. Acha ma da ake ta yabo, hatsi ce, a auna ta.

Malam Habu: Ƙwallo kam a bar shi ya buga, Hajiya. Ya gwada suga kafin ya fita. In ya sauka ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL na na'urar gwaji), ko ya ji rawar jiki da gumi, ya sha babban cokali ɗaya na suga ko zuma, a sake gwadawa bayan minti 15. Ranar da ya yi wasa da yamma ki gwada shi kafin ya kwanta, don sugan kan faɗi cikin dare. Abokan wasansa su san alamun.

Anti Rabi: Kuma don Allah, duk mai sassaƙe da ya ce a ajiye allura, ki guje shi. Jikin yaron ba ya yin insulin, kwana kaɗan ba allura na iya kai shi suma.

Maman Khalifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. To wuta fa? Firij ɗinmu sai ya wuni a kashe.

Malam Habu: Ki sa kwalbar insulin ɗin a leda, ki ɗaure, ki ajiye a ƙaramin tulu da ke cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kada ta daskare, kada rana ta taɓa ta. Wadda aka buɗe kuma, ki rubuta ranar a jikinta, yawanci kwana 28 ne wa'adinta.