Fanka na juyawa amma monita ba ta nuna komai, ina zan fara dubawa?

Ɗan Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Masana, ina neman shawara. Na haɗa kwamfutar tebur da kaina: firosesa Ryzen 5 5600, madabod B450 na gwanjo, RAM DDR4 guda biyu kowanne giga 8, katin hoto GTX 1660 Super, fawa fak mai wat 550. In na danna maɓalli fankoki duka suna juyawa, fitilun kesin suna kamawa, amma monita baƙi ƙirin, sai ta nuna babu sigina ta yi barci. Monitar tsohuwa ce mai VGA. Na cire RAM na mayar har sau biyu, shiru. Me zan duba kafin in kai ta wurin mai gyara?

Injiniyan Jega:
Wa alaikumus salam. Juyawar fanka ba ta nufin kwamfuta ta tashi, malam, wuta kawai ta shiga. Fara da bayan kesin. Ina ka soka wayar monita? In a jikin madabod ka sa ta, ko ka kwana kana jira ba za ka ga hoto ba, domin 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta. Mai harafin G a ƙarshe, irin 5600G, ita ce ke da shi. Dole wayar ta shiga jikin katin hoto, can ƙasa.

In nan daidai ne, zare wuta daga bango ka buɗe kesin. Wayoyi uku za ka bi: babbar mai fin 24, mai fin 8 ta firosesa da ke saman madabod ta hagu, da mai fin 8 ta katin hoto. Ta firosesar ce sababbin masu haɗi suka fi mantawa, kuma in babu ita fanka za ta yi ta juyawa ba tare da komai ya tashi ba. Kada ka musanya biyun nan. Ta firosesa tana rabewa 4 da 4, ta kati tana rabewa 6 da 2, kuma tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne. In ka ji tana ƙin shiga, kada ka yi mata dole.

Sai RAM. Ka ce ka cire ka mayar, amma a wane rami? Cire duka, ka sa guda ɗaya tak a A2, wato rami na biyu in ka ƙirgo daga wajen firosesa. Danna gefe biyu da ƙarfi har maƙallin ya ce ƙas da kansa. Madabod na gwanjo da ya sha ƙurar hunturu, ka fara busa ramin da bulowa, ba da baki ba saboda danshi. Daga nan cire batirin CR2032, ɗan zagayayyen batirin da ke jikin madabod, na minti biyar don saitin mai shi na da ya goge. In kana da mita, auna shi, volt 3 ya kamata ya ba ka.

In duk ka yi bai tashi ba, duba gefen dama na madabod ko akwai ƙananan fitilu huɗu masu rubutu CPU, DRAM, VGA, BOOT. Faɗa mana wadda ta tsaya a kunne.

Ɗan Birnin Kebbi:
Na gode Injiniya. Waya a jikin kati take, wayoyin ukun duk sun zauna. Na gwada kowane RAM shi kaɗai. Fitilar CPU ce ke kamawa ja, ba ta mutuwa.

Mai Gyara na Argungu:
To, ni ban zargi RAM ba tun farko, BIOS na zarga, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. B450 ya fito ne a 2018, ita kuwa 5600 sai a 2022. Madabod na farko-farko da ba a taɓa sabunta masa BIOS ba bai san wannan firosesar ba sam, shi ya sa yake tsayawa tun a matakin farko.

Duba baya kusa da ramukan USB ko akwai ɗan maɓalli na sabunta BIOS. In akwai, aikin ya zo da sauƙi. Nemi filashi ƙarami ka yi masa fomat na FAT32. Sauko da BIOS daga shafin kamfanin, kuma ka tabbata sunan madabod ya yi daidai harafi da harafi, har da lambar bugun da ke rubuce a jikinsa, don akan samu biyu masu kama da juna amma BIOS ɗinsu daban. Fitar da fayil ɗin daga zif, ka sauya masa suna yadda littafin madabod ya ce, kada ka sa shi cikin folda. Soka filashin a ramin da aka keɓe don haka, ba kowane rami ke yi ba. Kwamfuta a kashe, fawa fak a kunne, sai ka danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙiftawa wajen minti biyar. Kada ka taɓa komai sai ta daina. In ta ƙifta sau biyu-uku ta tsaya cak, bai ga fayil ɗin ba, sauya filashi.

Don Allah kada ka yi wannan a kan ƙaramin janareta ko lokacin da wuta ke rawa. Jona a inbata ko UPS mai cikakken caji.

In babu maɓallin, sai aron tsohuwar firosesa irin 2200G ko 2600, a tashi da ita, a sabunta, a mayar da taka. Wajen cire abin sanyayawa ka ɗan murɗa shi hagu da dama tukuna. In ka fizge shi tsaye, man da ke tsakani kan fito da firosesar daga mazauninta, finoni su lanƙwashe.

Ɗan Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Akwai maɓallin, na yi. Yanzu fitilun suna bi ɗaya bayan ɗaya, ta BOOT ce kawai ta rage. Amma har yanzu babu hoto. Waya ce nake amfani da ita mai kan DVI a gefe ɗaya, VGA a ɗayan.

Malama daga Yawuri:
Ɗan'uwa, kwamfutarka ta tashi, wayar ce ba ta yi. Fitilar BOOT tana faɗa maka ne ba a sa Windows ba tukuna. GTX 1660 Super ba ya fitar da sigina irin ta VGA ko kaɗan, ramin DVI ɗinsa nau'in DVI-D ne, dijital zalla. Wayar da ba ta da na'urar juya sigina a ciki, ko da ta shiga ramin lafiya lau, ba abin da za ta isar. Sayi ɗan akwatin nan mai juya HDMI zuwa VGA. Kafin ka kashe kuɗi, jona ta da talabijin ta HDMI, ka zaɓi lambar ramin da rimot, ka riƙa danna Delete da zarar ka kunna. In shafin BIOS ya fito, kashe ta ka mayar da RAM na biyu a B2, wato rami na huɗu daga wajen firosesa.