Mashigar ruwa mai igwa: a rufe ta ruf, ko a bar mai tsautsayi ya gwada?

Nura: Jama'a, dokar nan ta wasannin yaƙi na kwamfuta ba ta yi min ba. Wai don abokin gaba yana riƙe da gaɓar mashiga, jiragena ko kusa ba za su je ba. A bar ni in kutsa mana, in na sha wuta ni na jawo.

Malam Sabo: Dokar daidai take, Nura. Ranar 18 ga Maris 1915 Ingila da Faransa sun gwada haka a Dardanelles, wata mashigar ruwa a Turkiyya. A ranar manyan jirage 3 suka nutse: Bouvet, Irresistible da Ocean. Dole suka koma sauke sojoji a Gallipoli, gaɓar mashigar, a watan Afrilu.

Nura: Allah gafarta Malam, ai hujjata ka kawo. Su sun gwada, sun sha kashi. Ni ko gwajin an hana ni.

Halima: Ku biyun kun manta da nakiya. Wani ɗan jirgin Turkiyya, Nusret, shi ya shimfiɗa nakiyoyi 26 a ɓoye, daidai inda jiragen suke juyawa. Babban aikin igwa shi ne korar masu share nakiya, waɗanda jiragen kamun kifi ne da farar hula a ciki. To wasa ya yi haka: igwa ta tsare nakiya, nakiya ta ci jirgi. Ka kashe bakin igwa, ka share ruwa, sannan ka wuce.

Malam Sabo: Kin yi magana, Halima. Amma kwamfuta fa, in ita ce abokiyar gaba a wasan? Buɗe mata ƙofa ki gani, rundunarta kaf za ta tura ta halaka.

Bashir: Wannan a gyara kwamfutar, Malam. Ni faɗin mashiga ne damuwata. Dardanelles a ƙuncinta ba ta kai kilomita 2 ba, mashigar Dover kuwa, tsakanin Ingila da Faransa, ta haura 30. A Fabrairun 1942 jiragen yaƙin Jamus Scharnhorst da Gneisenau suka ratsa Dover da rana tsaka, igwar gaɓa ba ta taɓa su ba. Yaya za a yi musu doka ɗaya?

Halima: Amma duka biyun sun taka nakiya kafin su isa gida, Yaya Bashir.

Malam Sabo: Na yarda da batun faɗi. Jiragen kaya kam ban yarda su wuce ba. A 1807 Duckworth, wani kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya ratsa Dardanelles har kusa da Istanbul, babu sojan ƙasa a bayansa, ya juyo ana jifansa da manyan duwatsu daga igwa. Wanda ya kutsa, a yanke masa mai da harsashi har sai ya kama gaɓa.

Nura: Na ɗauka a haka. Saura jirgin ƙarƙashin ruwa, shi kam ba mai hana min shi.